Yaro yana son shigar sarki ranar bikin haihuwarsa: yadda ake haɗa kayan a gida

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a wani ƙauye tsakanin Wudil da Gaya. Autana zai cika shekara 5 a watan Disamba. Tun da babansa ya kai shi kallon hawa da sallah ba shi da zance sai doki da dogarai. Ina so in ɗan tara masa yara kamar 15 su yi shigar fada, amma abin hannuna ba yawa, ba mu da wuta, keken ɗinki ma sai na maƙwabciya. Me zan ɗinka, me zan dafa, ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya mana shi, Ya yi masa albarka. In na fahimce ki, kina son yaro ya fito a sarki, abokansa su zama dogarai da mahaya, a ci a sha a watse lafiya, ba tare da kin ci bashi ba. Yaron nan ya sauƙaƙa miki. Shigar fada ita ce mafi arha cikin duk shigar da ake yi wa yara, domin kayanta ninki ne da miƙaƙƙen ɗinki. Da jarumin katun ya ce yana so, da sai an nemo yadi mai talewa da abin rufe fuska, kuma ɗinkin hannu ba ya yi musu kyau. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaran da ke manna gemun auduga su cusa tsumma a ciki su fita tashe daga goma ga azumi, ai shiga suke yi. Dokin kara kuwa kakanninmu ma sun hau.

Kafin ki taɓa almakashi, ki fara da maigida da surukarki. Malamai sun saɓa a kan bikin zagayowar ranar haihuwa, hukuncin kuma nasu ne, ba na mai ɗinki ba, don haka ki tambayi malamin da gidanku ke bi. Gidaje da yawa sukan mai da abin walima: a yi wa yaro addu'a, a raba sadaka, yara su yi wasa. In aka ce a'a, duk abin da zan faɗa yana aiki ranar da ya kammala izu ko a cikin kwanakin sallah.

Lissafin da za ki fara gyarawa

Goma sha biyar ɗin nan a bakinki kawai take. A ƙauye ƙarar ganga ce katin gayyata. Kowane yaro zai jawo ƙaninsa, yarinya ta zo da goyo, almajiran unguwa su cika zaure, kuma ba wanda za ki iya kora. Abinci ki yi na yara 30 zuwa 35. Kayan sawa ne ba sai kin ninka ba, in kika raba su hawa uku: cikakkiyar shiga ga mai biki shi kaɗai, riga ga dogarai biyu, sauran kuma ƙyalle ɗaya a ka ko a ƙugu da dokin kara. Inda iyaye ke faɗuwa shi ne su ce sai kowane yaro an yi masa riga, kuɗi ya ƙare a rabi, rabin yara su sha ado rabi su tsaya kuka.

In gidan yawa ne, dogarai biyun nan su fito daga ɗakin abokiyar zama ko na faccala. Riga biyu ba komai ba ne, amma suna kashe maganar da za a shekara ana yi.

Rawani da alkyabba

Kada ki naɗa wa ɗan shekara 5 rawani kai tsaye a kansa. Ko minti goma ba za a yi ba ya warware, ya taka shi ya faɗi. A kan hula ake naɗawa a ɗinke. Ki samo tsohuwar hularsa da ke zama masa daram. Kewayen kan yaro mai wannan shekarun yakan kai inci 20 zuwa 21, sai ki nemi ƙaramar ƙwarya ko kwano mai wannan girman ki kife, ki ɗora hular a kai. Farin ƙyalle mara nauyi ake so, tsawon yadi 2 da rabi, faɗin inci 15. Tsohon mayafi ya wadatar. Ki ɗan murɗa shi ki naɗa zagaye uku, kowane zagaye ki kama shi da hular da zare wuri huɗu: gaba, baya da gefe biyu. Ki bar jela mai tsawon inci 15 ta zama amawali, ta bi ƙarƙashin haɓa ta kamu da maɓalli a ɗaya gefen. A haɓa za ta tsaya, ban da rufe baki da hanci, don yaro mai gudu yana buƙatar iska. Kunne biyun nan da ake fitarwa a sama na sarki ne da 'yan gidan sarauta, kuma akwai dattawan da ba sa son a yi wasa da shi. Ni shawarata ki bar shi. Yaro ba zai lura ba.

Alkyabba tana cin yadi 1 da rabi na yadi mai faɗin inci 45. Tsohon labule mai kauri ko guntun karammiski ya fi sabon yadi mara nauyi kyau, domin nauyi ne ke sa ta zubo. Ki auna daga ƙeyarsa zuwa tsakiyar ƙwauri, wajen inci 28 ke nan, ki ƙara inci 3 na kalmasa. Kada ta wuce nan. Alkyabba mai jan ƙasa a hoto kawai take da kyau, a tsakar gida kuwa ita ke fasa wa yaro baki. Gefen sama mai tsawon inci 54 ki tattare shi da zare har ya dawo inci 16 ko 17. Ragowar da kika yanke ki fitar da inci 12 a 24, ki ninka biyu, ki ɗinke gefe ɗaya, ƙoƙuwa ta samu, sai ki haɗa ta da wuyan. Ado kuma bakin tsohon leshi ya isa, ko cikin ledar madarar gari, wannan mai walƙiya kamar azurfa, a yanka ƙananan ganye a ɗinka a jere a bakin gaba.

Wuyan nan ne wurin haɗari. Ban da igiya, ban da ƙulli. Maɓalli ɗaya za ki sa, ki ɗinka shi da zare kamu biyu kacal, yadda in wani yaro ya fizgo alkyabbar ta baya ko ta maƙale a darni, maɓallin ne zai tsinke. Fil da allura kuma kada ko ɗaya ya rage a jikin kaya. A ciki kaftaninsa na sallah zai sa, ba sai an ɗinka sabo ba.

Dogarai da sauran jama'a

Dogaran Kano ja da kore suke sawa, yaro kuma da launin nan yake gane su. Ga yadda riga biyu ke fita ba tare da yanka wuya ba. Ki sayi ja yadi 1 da rabi, kore yadi 1 da rabi. Kowanne ki raba shi biyu ta tsawo, ki samu falle huɗu masu faɗin inci 22 da tsawon inci 54. Ki haɗa ja ɗaya da kore ɗaya ta tsawonsu, amma a tsakiya ki bar inci 12 ba ɗinki; nan ne kai zai shiga. Bakin tsagar nan biyu ki maimaita musu ɗinki sau uku ko huɗu, domin daga nan riga ke fara ɓarkewa. Ki ninka ta a kafaɗa, ki ɗinke gefe biyu daga ƙasa zuwa sama inci 10. Shi ke nan. A keken maƙwabciya aikin rabin awa ne, da hannu kuwa yamma ɗaya.

Sauran yara: ja yadi 2, kore yadi 2, a yayyanka ta faɗi inci shida-shida. Kowane yadi yana ba da ƙyalle 6, duka 24 ke nan. In yara ba su yi yawa ba kowa ya samu ja a ka, kore a ƙugu. In suka cika gida, ɗaya-ɗaya. Ki nemi yadi mara tsada irin na yunifom, mai auduga a ciki, wanda in kika ɗan tsaga da almakashi kika ja zai yage a miƙe. Mai santsi irin na leda yana zazzagewa, in kuma wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Kasuwar Wudil tana ci ranar Juma'a, ki yi sayayyar aƙalla mako biyu kafin ranar. In akwai mai shiga Kano, Kantin Kwari ya fi zaɓi. Jan yadi ki wanke shi shi kaɗai har ruwan ya daina ja, in ba haka ba da gumi ya taɓa shi zai zuba a fararen kayan 'ya'yan mutane, ki kwana kina ba da haƙuri.

'Yan mata a ɗaura musu ɗankwali da zane, biyu su riƙe mafici da aka yi da faifai da gashin zabo, wata babba ta riƙe tsohuwar laima da aka zagaye bakinta da guntayen ƙyalle. Amma ki tanadar musu dawaki su ma. Da an fara sukuwa ba wadda za ta yarda ta tsaya fifita.

Fuska kuwa ki bar ta yadda take. Ban da baƙin cikin batir, ban da baƙin lallen nan na kwalba ko na leda mai kama nan take, domin yana ƙona fatar wasu yara har ta yi bororo. Kwallin dutse ma sau da yawa yana ɗauke da dalma, bai kamata a zana wa yaro gashin baki da shi ba. Mai son gemu a ɗinka auduga a jikin ƙyalle a sa masa roba ta zagaya kunne. In duk da haka fatar wani ta kumbura, a wanke da ruwa a kai shi asibiti. Wannan kuma aikin ma'aikatan lafiya ne.

Dawakin kara

Nan ne bikin yake, kuma Disamba ta yi miki daidai, an gama yankan dawa kara ya wadata. Karan dawa za ki zaɓa, ya fi na gero kauri da ƙwari. Busasshe, wanda ya fi babban yatsa kauri, tsawonsa daga ƙasa zuwa hammatar yaro, wajen inci 34 zuwa 36. A sale ganyen, a goge gaɓoɓin da dutse. Bakinsa biyu a datse a kwance, kada a fiƙe, don fiƙaƙƙen kara mashi ne. Ɓawon kara yana yanka kamar reza in ya tsage, saboda haka inda hannu zai riƙe a naɗe shi da tsumma.

Kan dokin da kwali ake yi. Kwalin taliya ɗaya yana ba da kai biyu, sai ki fara roƙon mai kanti da mai shayi tun yanzu. Ki zana kan doki mai tsawon inci 11 da tsayin inci 8, ki yanka falle biyu iri ɗaya, ki sa karan a tsakani ya shiga kamar inci 6. A bayan wuya ki jera zaren buhu da aka warware ya zama geza. Sannan ki ɗinke da basilla da zaren buhu, ɗinkin ya bi gefe biyu na karan ya matse shi. Gam shi kaɗai ba ya riƙewa. Sukuwa ɗaya kai ya fita, mai doki ya zauna kuka. Ido da hanci a zana da gawayi ko biro. Ragama kuma siririn ƙyalle ne a zagaya baki a ɗaure a jikin kara.

In kina son manna takardar ado, ki dama fulawa cokali 2 a ruwa kofi 1, ki sa ɗan gishiri, ki dafa kina juyawa har ya yi kauri kamar koko. Ƙaro da aka jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana shi ma yana yi. Matsalar ƙullun fulawa ita ce kiyashi da ɓera, don haka a shanya a rana ya bushe ƙarau a rataye. Ki kuma kula da awaki. Akuya ba ta ƙin kwali, ba ta ƙin ganyen kara. Dawaki goma a jingine a garu, kafin ki idar da salla ta cinye kunnuwansu.

Na mai biki a yi shi daban: tsohuwar safar babansa a cusa mata tsumma, diddigen ya zama ƙeya, wajen yatsu ya zama baki, a zura kara har diddige a ɗaure tamau. Ba sai duk dawakin sun samu kai ba. Goma masu kai, sauran a ɗaura musu ƙyalle a baki. Aikin kuma kada ki yi shi ke kaɗai. Ki tara yara 'yan shekara 9 zuwa 12 kwana ɗaya kafin ranar, ke ki riƙe wuƙa da basilla, su su yi zane da geza. Wanda ya yi dokinsa da hannunsa ba ya karya na wani.

Takobi in za a yi, na kwali mai dunƙulallen baki. Mashi, bulala da abin fashewa a bar wa manya. Ganga: babban gwangwanin madarar gari mai murfin roba ya fi na tumatir, don bakinsa ba kaifi. Kakaki kwali ne a naɗe shi ya yi tsini.

Yadda yammar za ta tafi

Alhamis ta fi, tunda ba makarantar allo, yawancin Islamiyyu ma suna hutu. A fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, awa ɗaya da rabi ke nan, kuma ya ishi yara. Tun da safe a share fili, a kwashe duwatsu da ƙaya, a rufe rijiya a ɗora nauyi a kan murfin, a ɗaure dabbobi. Hunturu ne, ga busasshen kara ga ƙyalle, saboda haka a kashe murhu kafin yara su shigo, kada kowa ya hura wutar jin ɗumi. Kyandir ma ba ya cikin lissafi.

A fara da addu'a. Sai kakansa ko baffansa ya ɗora masa rawani, mata su yi guɗa, a fita hawa: masu ganga a gaba, sarki a tsakiya ƙarƙashin laima, a zagaya a gaida kakanni a dawo. Ya zauna a kujera 'yar tsugune da aka lulluɓe da darduma, mahaya su zo huɗu-huɗu, tsara da tsara, su yi jafi. Ki ja layi da toka taku biyar kafin kujerar, kowa ya ja burki a nan ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe. In ba layin nan, a kan sarki za su zube.

Ki gwada masa kayan kwana biyu kafin ranar. Yaro mai shekara 5 yana iya ganin taro ya ƙi sa rawanin da ya yi wata yana nema. In ya cire bayan minti ashirin ki ƙyale shi, sauran su ara su ɗauki hoto bi da bi. Wayar kuma a kai ta wajen mai caji tun ana gobe biki.

Abinci

Dafa-duka ta fi sauƙin rabo. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da ƙananan yara biyu, don haka gwangwani 16 zuwa 18. A zuba a faranti mutum uku-uku, ƙanana daban, don manya kan yi musu wawa. Na almajirai a fara fitar da shi kafin a zuba wa kowa. Zoɓo lita 12 zuwa 15 da tafasasshen ruwa, a yi shi da safiyar ranar, a zuba a jarka mai tsabta a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. A sanyin Disamba ba ya buƙatar ƙanƙara. Da bazara ce da na ce kada ya wuce awa kaɗan, kunun aya kuwa a manta da shi, yana saurin tsami.

Kek ana yin sa a tukunya. Fulawa gwangwani 3, sukari 1 da rabi, bota giram 250, ƙwai 4, bekin foda ƙaramin cokali 2, madarar ruwa rabin gwangwani. A buga bota da sukari da muciya har su yi haske, a fasa ƙwai ɗaya-ɗaya ana bugawa, a tankaɗe fulawa da bekin foda a zuba kaɗan-kaɗan tare da madarar. Da fulawa ta shiga a daina bugu, juyawa kawai, in ba haka ba ya yi tauri. A zuba yashi mai tsabta kaurin inci 2 a babbar tukunya, a rufe ya yi zafi minti 15. Ƙananan gwangwanayen kek a shafa musu mai, a zuba ƙullu ya ɗan wuce rabi, a jera su a kan yashin a rufe tukunyar. Garwashi kaɗan a ƙasa, mai ɗan yawa a kan murfi. Yawanci abin da ke ɓata shi wutar ƙasa ce ta yi yawa, gindi ya ƙone ciki ɗanye. Na biyu kuma ɗokin buɗewa, wanda ke sa ya faɗa. Kada a ɗaga murfi sai an yi minti 20, sannan a soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Wannan awon yana ba da ƙanana 12 zuwa 15, a raba kowanne biyu. A gasa tun ana gobe biki da yamma. Kwalliyar bota a kai ba ta da amfani a nan, ƙura ce za ta hau ta.

In kek ya yi miki nisa, cincin da fanke sun rufa asiri, kuma cincin ana iya soya shi kwana uku kafin ranar. 'Yan ƙasa da shekara 4 kada a ba su gyaɗa, aya, gugguru ko alawa mai tauri, suna shaƙewa. Balan-balan ma haka: in ya fashe ɓallin ne ke toshe maƙogwaro, ga masu rarrafe a ƙasa. Ado da guntayen ja da kore a igiyar shanya ya wadatar.

Kafin a kira magariba kowa ya tafi da ƙyallensa da dokinsa, shi ne tsarabarsa. Rigunan dogarai da alkyabba ki karɓe a bakin zaure tun kafin su fice, ki wanke, ja daban. Kalmasar inci 3 ɗin nan da kika bari, in ya ƙara tsawo sai a kwance ta. Rawanin a cusa masa tsumma a cikin hular don kada ya lotse, a sa a leda a rataye nesa da gara, domin da azumi ya kai goma yayyensa za su zo aro.